Zama Kafin Loma: Yadda Ake Ciyar da Mai Wahalar Haɗiya

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗan gwada wani abu. Ɗaga kanka sama kamar mai neman jinjirin wata, ka tara yawu, ka haɗiye. Ka ji yadda maƙoshinka ya yi kokawa kafin yawun ya wuce? To, dawo da kan daidai, ka ɗan sauke haɓa kamar mai duban kwanon da ke gabansa, ka sake haɗiyewa. Sumul ya tafi. Kai ke nan da kake da ƙoshin lafiya. Ina ga tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance rigingine a kan katifa, 'yarsa ta tsaya a kansa da ludayi tana zuba masa kunu?

Haka muka yi wa gwaggota, ƙanwar mahaifina, lokacin da hawan jini ya kayar da ita. Mako biyu muna ba ta koko da ruwa a kwance, da filo ɗaya a ƙarƙashin kanta, don muna ganin tayar da ita wahalar da ita ne. Duk kurɓa sai ta sarƙe, idanunta su kawo ruwa, mu ce, "Sannu Gwaggo, a hankali." Ana nan sai zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya fara yi mata wuya. A asibiti aka ce ciwon huhu ne. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta dube mu ta ce, "Yaran nan, a zaune kuke ba ta abinci ko a kwance?" Muka yi shiru. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta murɗa gadon ya tashi, ta jawo Gwaggo sama, ta tokare ta da filo uku, ta jawo kujera ta zauna a gabanta, sannan ta ɗauki cokali. Ranar Gwaggo ta sha rabin kofi ba tari ko ɗaya. Kokon dai shi ne wanda muka kawo daga gida.

Mararrabar da ke cikin wuya

Hanyoyi biyu ne suka haɗu a bayan harshe. Ta gaba ita ce hanyar iska, wadda ke gangarawa huhu, kuma kullum a buɗe take tunda numfashi ba ya hutu. Ta baya ita ce hanyar abinci, mai tsawon kimanin santimita 25 a jikin babba, kuma a rufe take sai loma ta iso. Ke nan duk abin da mutum ya haɗiye sai ya tsallake bakin hanyar iska kafin ya faɗa tasa. Don kada ya kauce, jiki na yin abubuwa da dama a cikin ƙasa da daƙiƙa guda: numfashi ya tsaya cak, zakaran wuya ya yi sama ya ɗan matso gaba, igiyoyin murya su haɗe, wani ɗan marfi mai kama da ganye ya kife a kan ƙofar iska, gindin harshe ya tura lomar baya, bakin hanyar abinci ya saki. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiye, za ka ji hawan nan da saukarsa.

Idan ƙwaƙwalwa ta taɓu, ko tsokoki suka yi rauni, wannan aiki yana jinkiri ko ya zo a warwatse. Ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Ya riga ya gangara ƙofar iska ba ta rufe ba, shi ne muke cewa mutum ya ƙware. Abin dariya, kalmar da muke yabon gwani da ita ce muke kiran wannan haɗari da ita, yadda ake furta su kawai ya raba su. Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna fama da haɗiya a kwanakin farko, kodayake da yawansu suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. Haka masu cutar karkarwa ta Fakinsan, da tsofaffin da mantuwa ta kama, da yaran da aka haifa da taɓuwar ƙwaƙwalwa, da waɗanda aka yi wa aikin ciwon daji a baki ko wuya.

Wanda ya yi tari ma da sauƙi, jikinsa na kare kansa. Akwai waɗanda abinci ke zarcewa huhunsu shiru, ba tari ba atishawa, saboda maƙoshin ya daina jin abin da ya taɓa shi. Su sai dai a lura da wasu alamu: murya ta jiƙe bayan cin abinci kamar mai magana da ruwa a wuya, numfashi ya ƙaru, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, majina ta yawaita a ƙirji, mutum ya yi ta rama. Abin da ya kauce ya fi faɗawa huhun dama, domin reshen hanyar iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa.

Gyara zama

Abu na farko, a tabbata mara lafiya a farke yake sosai. Wanda ke gyangyaɗi, ko wanda sai an girgiza shi yake buɗe ido, ba a sa masa komai a baki, ko da cokali ɗaya na ruwa ne. Na san wannan magana tana da nauyi a wurinmu. Mun saba idan mutum ya suma, ko jiki ya yi tsanani, a buɗe bakinsa a ɗiga masa zamzam ko rubutu ko madara. Niyyar kyakkyawa ce, amma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin da aka ɗiga huhu yake nufa. A jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a shafa masa a leɓe, a shafe masa fuska da jiki. Albarkar da ake nema ba sai ta bi ta maƙoshi ba.

Idan yana iya zama a kujera, kujera ta fi gado nesa ba kusa ba. A nemi mai tauri, mai majingina a miƙe da wurin ɗora hannu. Kujerun falo masu laushin nan da mutum ke nutsewa ciki ba su dace ba, domin suna zamar da ƙugu gaba, baya ya lanƙwashe, kai ya faɗa baya. A tura mazaunansa har ƙarshen kujerar, bayansa ya miƙe, gwiwoyi su lanƙwashe daidai, tafin ƙafafunsa biyu su taka ƙasa. Idan ƙafar ba ta kai ba a sa masa 'yar kujerar tsugunne ko bulo ya taka. Mutane na raina wannan, alhali wanda ƙafarsa ke lilo da wuyansa da kafaɗunsa yake riƙe jikinsa, kuma waɗannan tsokoki su ne ake bukata su saki don haɗiya. Hannun da ya shanye a ɗora shi a kan tebur ko filo, kada a bar shi yana reto, domin nauyinsa na jan kafaɗa, kafaɗa ta ja wuya, kai ya karkace.

Yawancin gidajenmu dai a ƙasa ake jinya, kan katifa ko tabarma. Nan ma ana iyawa. A jawo katifar ta haɗu da bango, a ɗaga mara lafiya ta ƙarƙashin kafaɗunsa, mutum biyu, kada a ja shi ta hannun da ya mutu, a manna ƙugunsa da bango. A jera filo a bayansa tun daga ƙugu har kafaɗa, a naɗe bargo a cusa ƙarƙashin gwiwoyinsa don kada ya zame, a tokare ɓarin da ya shanye da wani filon. Idan ba ya iya miƙewa sosai, akwai dabarar da masu jinya suka daɗe suna yi: a kifa kujerar katako a kan katifar, bayanta ya zama gangare, a shimfiɗa filo a kai a jingina shi. Idan babu ko ɗaya, wani daga cikin 'ya'yansa ya zauna a bayansa ya buɗe ƙafafu, ya jingina shi a ƙirjinsa, wani kuma ya ba shi abincin ta gaba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a tara filo a ƙarƙashin kai kaɗai, gangar jiki na kwance. Sai wuya ya lanƙwashe, ƙirji ya matse, mutum na ganin an tayar da shi alhali kwance yake. Daga ƙugu ake tashi. Kishiyarsa kuma ita ce a tayar da gangar jikin a bar kai yana kallon rufin ɗaki. Bayan an gama gyara komai, koma gefe ka dubi haɓarsa. Ya kamata ta ɗan sauko, tsakaninta da ƙirji kamar faɗin yatsu huɗu, idanunsa na kallon gabansa ko ƙasa kaɗan. Idan kana hango cikin hancinsa daga inda kake zaune, kan ya yi baya da yawa, ƙara filo a ƙeya.

Dalilin tsoron kai ya yi baya a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin ana ceton wanda numfashinsa ya ɗauke. Ma'aikatan lafiya kan tura goshinsa baya su ɗaga haɓarsa, musamman don hanyar iska ta buɗe ta miƙe. Wanda ya ba mara lafiya ruwa a wannan yanayi ya buɗe ƙofar huhu da hannunsa, sannan ya zuba. Musulmi ma ba baƙon wannan tarbiyya ba ne, tunda ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya cin abinci a kishingiɗe, kuma yakan sha ruwa ne da numfashi uku, ba makwarwa ɗaya ba.

Inda mai ba da abinci yake zama

Za ka iya gyara mara lafiya tsaf, ka ɓata aikin da tsayuwarka. Mutum yana bin cokali da ido. Idan kana tsaye a kansa, dole ya ɗaga kai ya karɓa. Zauna a gabansa, idonka daidai nasa ko ƙasa da nasa kaɗan, cokali ya riƙa zuwa daga ƙasa. Ga wanda ɓarinsa ya shanye, zauna ta ɓarin da ke da lafiya, ka ajiye lomar a wannan gefen na baki inda harshe da kunci ke da ƙarfi. In yana iya riƙe cokali da kansa, ko da hannunka na tallafe da nasa, bar shi ya yi. Wanda ya kai loma bakinsa da kansa ya san lokacin isowarta, maƙoshinsa ya shirya.

Abin sha ma yana juya kai. Ledar fiya-wata ita ce mafi muni: ana ɗaga kai, ana matsa ta, ruwa ya yi tsartuwa har bayan harshe. Gora da buta haka suke. Siririn kofi mai zurfi kuma, da ruwa ya yi ƙasa sai bakin kofin ya tokari hanci, mutum ya tura kai baya don ya ƙarasa. A nemi kofi mai faɗin baki a riƙa cika shi, ko a ɗauki kofin roba a yanke masa gurbi a gefe ɗaya inda hanci zai shiga, a sha ta ɗaya gefen. A farkon jinya ƙaramin cokalin shayi ya fi, wanda ke ɗaukar mililita 5. Ludayi na masu lafiya ne. Sirinji kuwa kada a kuskura a tsarta masa ruwa a baki da shi.

Ba shi cokali ɗaya, ka zuba wa zakaran wuyansa ido har ka ga ya hau ya sauka. Ce masa, "Baba, ƙara haɗiyewa," domin sau da yawa akwai saura a maƙoshi. Lokaci-lokaci ka ce ya ce "aaa". In muryar ta fito garau, ci gaba. In ta fito da gurgura, ya yi kaki ko tari, ya sake haɗiya, a huta. Ga kuma matsalar 'yan dubiya. Ɗaki ya cika, wannan ya ce "Ya jiki, Alhaji?", wancan ya ce "Allah ya ƙara sauƙi," shi kuwa dattijo kunya ba za ta bar shi ya ƙi amsawa ba, sai ya buɗe baki da loma a ciki. Magana iska take bukata, ƙofar da ya kamata ta rufe sai ta buɗe. Ba rashin ladabi ba ne a ce wa baƙi su ɗan jira a zaure ko tsakar gida har a gama. A kashe rediyo ma. Idan cin abinci ya wuce rabin awa ya gaji, gara a raba masa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini.

Dabarun juya kai, da iyakarsu

Bayan zama na gari, akwai wasu dabaru na musamman da masana haɗiya suke koyarwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tasiri a wannan fanni ita ce Jeri Logemann da ta yi aiki a Jami'ar Northwestern a Amurka, wadda littafinta na 1983 ya zama abin karatun masu wannan aiki. Ita da abokan aikinta sun riƙa ba marasa lafiya abinci da aka gauraya da bariyom, wani farin sinadari da ke fitowa a hoton asibiti, suna ɗaukar hoto mai motsi, suna kallon inda loma ke bi idan an sauya yadda kai yake.

Sananniyar cikinsu ita ce sunkuyar da haɓa. Mutum ya kurɓi ruwa, ya riƙe a baki, ya sauke haɓa sosai zuwa ƙirji, ya haɗiye a haka, sannan ya ɗago. Wannan na matso da gindin harshe baya, ya ƙuntata ƙofar iska, ya ba wanda haɗiyarsa ke jinkiri ɗan lokaci. Ta biyu ita ce waiwaye: wanda ɓari ɗaya na maƙoshinsa ya mutu ya juya fuskarsa zuwa ɓarin da ya mutu, kamar mai duban kafaɗarsa, sai wannan gefen ya matse, abinci ya bi ta mai lafiya. Ta uku karkatarwa ce, kunne ya nufi kafaɗar ɓari mai lafiya don nauyin lomar ya kai ta can. Kada a haɗa su a rikice: waiwaye zuwa ɓarin da ya mutu, karkata zuwa ɓari mai rai. Akwai kuma waɗanda ba sa iya zama sam, da ake ciyarwa a kwance ta gefe, ɓari mai lafiya a ƙasa, kai a tallafe. Har tura kai baya da na yi ta tsoratarwa a kai yana da wanda ake koya wa, wato wanda aka yanke wa wani sashe na harshe amma maƙoshinsa lafiya lau, kuma wannan sai da idon masani.

To, a nan nake son mai karatu ya yi taka-tsantsan, domin sunkuyar da haɓa ta yaɗu har wasu na ɗaukarta maganin kowa. A wani bincike da su Logemann suka wallafa a 1993, cikin marasa lafiya 30 masu sarƙewa, rabi ne kawai dabarar ta hana abinci shiga hanyar iskarsu. A 2008 sun wallafa wani mafi girma a kan mutum 711 masu cutar Fakinsan ko mantuwa, inda aka gwada sunkuyar da haɓa da kuma kaurara abin sha mataki biyu. Kusan rabinsu babu dabarar da ta hana su sarƙewa a cikin ukun. Ga wanda abinci ke taruwa a ƙasan maƙoshinsa, sunkuyawa sosai na iya ma tuntsurar da saurar cikin hanyar iska. Saboda haka ni dai ra'ayina shi ne, zama a miƙe da haɓa a ɗan sauke na kowa ne, kowane gida ya yi shi ba sai an tambayi likita ba. Sauran dabarun kuwa kamar tabarau suke, sai an auna. Masu koyar da magana da haɗiya sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashenmu, amma a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da masu gashin ƙashi da za a fara da su. In aka koya muku wata dabara kuka ga tari ya ƙaru ko murya ta ƙara jiƙewa, ku dakata ku koma ku faɗa.

Zama ba ya gyara abincin da bai dace ba. Tsinkakken ruwa da shayi su suka fi saurin kaucewa. Masu warwatsewa a baki, irin su dambu da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da garau-garau, a ɗage su. Haka masu haɗa ruwa da gudaji, kamar furar da ba ta damu sosai ba, ko gari da aka jiƙa, ko shinkafa cikin romo, domin ruwan kan riga gudajin gangarawa. Tuwo mai tauri da burodi suna liƙewa. Tataccen kunu mai ɗan kauri, kindirmo, tuwo mai laushi da aka murje cikin miyar kuka ko kuɓewa, dankali ko kabewa da aka dama, waɗannan sun fi bin hanya. Amma kada a kaurara komai har ya zama kamar ƙullu, domin mai kauri sosai yana maƙalewa, kuma marasa lafiya kan ƙi shansa har ruwan jikinsu ya ƙafe. A riƙa duba fitsari, in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Bayan an ajiye cokali

An gama ci ba a gama aiki ba. Buɗe bakinsa ka duba kuncin da ya shanye, nan abinci ke ɓuya ba tare da ya sani ba, sai ya kwanta ya gangara. A share da yatsa da aka naɗe da tsumma mai tsabta, a goge haƙora da harshe da buroshi, kansa a sunkuye don ruwan ya zubo waje. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa ciwon huhu daga baki suke tafiya, kuma binciken da aka yi a gidajen tsofaffi a Japan ya nuna goge baki a kai a kai na rage kamuwa da shi.

A bar shi a zaune aƙalla minti 30, awa guda ta fi. Cikin da ya cika idan aka kwantar da shi abinci kan dawo sama, ya iske maƙoshin da ba ya iya kare kansa. Wanda aka sa wa robar abinci ta hanci shi ma wannan doka ta hau kansa: a tayar da gangar jikinsa digiri 30 zuwa 45 lokacin da ake zuba abincin da bayansa. Robar nan, tunda an zo kanta, ba alamar an fid da rai ba ce kamar yadda wasu iyalai ke ɗauka har su ƙi yarda. Sau da yawa ta 'yan makonni ce kafin haɗiya ta dawo. Mai fama da ƙwannafi da dare kuma ya bar awa uku tsakanin tuwon dare da barci, ya ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, ya kwanta ta hagu. Masu komawa barci da zarar sun gama sahur sun san abin da nake nufi.

Ƙwayar magani ma a zaune ko a tsaye ake shanta, da ruwa isasshe. Wasu magunguna, irin su doksisaikilin da ƙwayar ƙarin jini, idan aka haɗiye su a kwance da ɗan kurɓi suna iya liƙewa a hanyar abinci su ƙona ta. Ga mai lafiya da kafso ke ba wahala, ga wata dabara da aka gwada a Jami'ar Heidelberg ta Jamus a 2014: kafso yana yawo a saman ruwa, don haka a sa shi a harshe, a kurɓi ruwa, a sunkuyar da kai a haɗiye, sai ya taso ya nufi maƙoshi. Mai wahalar haɗiya kuwa a tambayi likita ko mai ba da magani ko akwai na ruwa. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba, wasu an yi su ne don su narke a hankali.

Yara ma haka abin yake. Ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba kunu da tafin hannu, ta haɗa duk abin da aka hana a wuri ɗaya: kwanciya, kai a baya, kuka, da tilasta shaƙar iska ta bakin da ke cike. Yara sun rasa rayukansu ta wannan hanya. Yaro mai taɓuwar ƙwaƙwalwa da ke sandarewa yana tura kai baya, a zaunar da shi a cinya, a lanƙwasa ƙugunsa da gwiwoyinsa, a tallafi ƙeyarsa da damtse har haɓarsa ta sauko, sannan a ba shi.

Inda gyaran zama ba ya kaiwa

Akwai wahalar haɗiyar da ba ta wuya ba ce. Mutum ya haɗiye lafiya, amma ya ji lomar ta tsaya a ƙirji. Wasu har sun koyi miƙewa tsaye su ɗaga hannuwa, su banƙare, su bi da ruwa kafin ta faɗa. Idan abin ya fara da nama, ya koma tuwo, ya zo kunu, ga rama, musamman ga wanda ya manyanta, wannan alama ce ta hanyar na ƙuntata, kuma ciwon daji na cikin abubuwan da ake tsoro. Sai an zura na'ura mai kyamara an leƙa, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon abin da za a iya yi. Haka yaron da ya taɓa shan ruwan sodar da ake haɗa sabulu da ita, ya zo bayan makonni ba ya iya haɗiyar tuwo, hanyar ce ta ƙone ta tsuke. Maƙoƙon da ya girma shi ma yana danne ta. Duk waɗannan babu ruwansu da beli, kai su wurin wanzami ƙarin rauni ne da zubar jini a maƙoshin da dama yake wahala.

Idan kuma ana cikin ci loma ta toshe hanyar iska, dubi mutumin. In yana tari da ƙarfi, bar shi ya yi tarinsa, a sunkuyar da shi gaba, kada a ba shi ruwa wai ya tura. In ya kasa tari, ya kasa magana, ya riƙe wuya, sunkuyar da shi ka tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ka buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau biyar. In bai fito ba, zagaya bayansa ka dunƙule hannu a saman cibiyarsa, ka riƙe da ɗayan, ka fizgo ciki da sama har sau biyar. A yi ta maimaitawa, wani na neman mota. Mai ciki a ƙirji ake matsa mata, jaririn da bai shekara ba kuwa ba a matsa masa ciki, kifa shi ake yi a kan hannu kansa na ƙasa a bubbuga bayansa.

Gwaggo ta yi shekara huɗu bayan wancan ciwo tana cin tuwonta a kujerar katako da aka ajiye mata a bakin ɗaki, da bulo a ƙarƙashin ƙafarta. Idan akwai mai irin larurarta a gidanku, yau kafin a kawo abincin dare, shiga ɗakin ka tsaya daga gefe, ka duba inda haɓarsa take kallo.